Yadda ake gyara a Wikipedia ta Hausa ba tare da ka ɓata wa wasu aiki ba

Duk wanda ya iya danna waya zai iya gyara Wikipedia, ka buɗe shafi ka taɓa alamar fensir ka rubuta ka wallafa shikenan, wannan ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne daga lokacin da ka wallafa, rubutun ya tashi daga naka. Gobe wani daga Maraɗi ko Kumasi ko Zariya wanda ba ka taɓa gani ba zai zo ya ɗora a kai, ko ya rage, ko ya goge gaba ɗaya, kuma ba laifi ya yi ba. Haka tsarin yake tun 1995 da Ward Cunningham ya ƙirƙiro wiki na farko, wato shafin intanet da masu karanta shi za su iya gyarawa, haka kuma Jimmy Wales da Larry Sanger suka ɗauke shi suka buɗe Wikipedia ranar 15 ga Janairun 2001. Kamar gayya ce dai, kowa da kunyarsa amma gonar ba ta mutum ɗaya ba ce. Toh tunda haka ne, duk gyaran da za ka yi ka bar wa na bayanka hanyar da zai gane me ka yi, don me ka yi, daga ina ka samo. Matakan da ke ƙasa duk kan wannan suke.

Mataki na farko, ka buɗe akawun. Ana iya gyara ba tare da shi ba amma ba wanda zai san ka balle ya yi maka magana idan an samu matsala. Ka zaɓi sunan da ba za ka ji kunyarsa ba nan da shekara biyar, kar ka saka sunan ƙungiya ko kamfani ko jam'iyya, kar ka saka sunan wani sananne da ba kai ba. Mutum ɗaya akawun ɗaya, kuma kar ka ba abokinka fasawod wai ya taya ka, duk ɓarnar da ya yi da sunanka za a rubuta. Lambar waya da adireshin gida kuwa kar su shiga shafinka, saboda duk abin da ka wallafa yana zama a tarihin shafi, wato jerin duk gyare-gyaren da aka taɓa yi masa, ko da ka goge shi daga baya.

Mataki na biyu, kafin ka ƙirƙiri sabuwar muƙala ka nemo ta tukuna. Nan ne sababbi suka fi faɗawa. Mutum zai rubuta Sokoto a wajen bincike bai ga abin da yake so ba sai ya buɗe sabon shafi, alhali akwai shi da sunan Sakkwato, ko ya nemi Zinder bai gwada Damagaram ba, ko Zaria da Zariya da Zazzau. Ka gwada sunan ta kowace fuska, da ƙugiya da babu ƙugiya, da rubutun Hausa da na Turawa. In ka same ta ko da layi uku ce, ita za ka faɗaɗa. Muƙala biyu a kan abu ɗaya wahala ce kawai ake ƙara wa wanda zai zo ya haɗe su. Ni shawarata ma satin farko kar ka ƙirƙiri komai, ka riƙa gyara ƙananan kurakurai a muƙalolin da ke akwai, kana buɗe tarihin shafi kana ganin yadda waɗanda suka daɗe suke yi.

Mataki na uku shi ne rubutun kansa, kuma a shafin gwaji naka za ka fara shi ba a filin da kowa ke karantawa ba. Jimlar farko ta faɗi wane ne ko mene ne, a ina, yaushe, kuma me ya sa aka san shi. Matsalarmu mu Hausawa mun saba da kirari, hannu na zuwa kan allo sai yabo ya fara zuba da kansa. Ga misali, wani zai rubuta:

"Malam Aminu Kano gwarzon namiji ne, jagoran talakawa wanda ba a taɓa yin irinsa ba kuma ba za a sake ba, Allah ya jiƙansa da rahama."

Ni ma ina son Malam, amma wannan ba muƙala ba ce, ta'aziyya ce. Ɗalibin da ya zo neman bayani bai ƙaru da komai ba. Ga yadda ya kamata:

"Aminu Kano (1920 zuwa 17 ga Afrilu 1983) malamin makaranta ne kuma ɗan siyasa daga Kano a Najeriya. Ya jagoranci jam'iyyar NEPU a shekarun 1950, sannan ya jagoranci PRP da aka kafa a 1978, ya kuma yi mata takarar shugaban ƙasa a 1979."

Ka ga yanzu ba a yabe shi ba amma mai karatu ya san girmansa daga aikinsa. In kana son maganar jagoran talakawa ta shiga, sai ka ce magoya bayansa suna kiransa haka, ka kawo inda aka rubuta. Kalmomi irin su shahararre, fitacce, haziƙi, gogagge, mai girma, ka riƙa zarginsu duk inda ka gansu. Haka kuma na suka, azzalumi, maci amana, ɓatacce. Kuma babu "ni a ganina", babu "kamar yadda muka sani", babu "'yan uwa masu karatu". Abin da ya zo ta labarin baka ka faɗi cewa labarin baka ne, in kana rubutu kan Bayajidda da rijiyar Kusugu ta Daura sai ka ce bisa ga labarin da aka gada ya kashe macijiya, kar ka rubuta shi kamar rahoton da ɗan jarida ya gani da ido. Sannan ka guji "bara" da "kwanan nan" da "a halin yanzu", domin muƙalar za ta yi shekara goma a wajen, ka saka shekarar kawai.

Mataki na huɗu, madogara. Wannan shi ne abin da zai hana a goge maka aiki. Duk maganar da wani zai iya cewa "wa ya ce?" to tana buƙatar madogara, musamman shekaru, adadi, da duk abin da ya shafi mutum. In ka rubuta cewa an ƙirƙiri jihar Kano a 1967, an cire Jigawa daga cikinta a 1991, tana da ƙananan hukumomi 44, ka nuna littafi ko jarida ko shafin hukuma da ya faɗi haka, kar ka ce ai kowa ya sani, ɗan Yamai ko ɗan Tamale ba lallai ya sani ba. Yadda ake yi a waya, ka ajiye alamar rubutu a ƙarshen jimlar bayan aya, ka taɓa maɓallin saka madogara, ka liƙa linkin labarin, sau da yawa shi da kansa zai ciko sunan jarida da kanun labari da kwanan wata. In littafi ne ka rubuta sunan marubuci, sunan littafi, shekara da lambar shafi, lambar shafin nan dan Allah kar ka bar ta, ba wanda zai karanta littafi mai shafi ɗari huɗu don ya tabbatar da jimla ɗaya. A ƙasan muƙalar ka buɗe sashen Manazarta inda duk za su jeru.

Wace madogara ake karɓa? Wadda akwai edita a bayanta da ke duba abu kafin ya fita. BBC Hausa, Aminiya, RFI Hausa, DW Hausa, Muryar Amurka, Premium Times, littattafan da aka buga, binciken jami'a, tsofaffin jaridu irin Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939 in ka samu kwafinsu. Madogarar ba sai ta Hausa ba, ta Turanci ko Faransanci ko Larabci duk suna yi. Wadda ba a karɓa, saƙon WhatsApp da aka turo maka, fostin wani a Facebook, bidiyon TikTok, da kuma Wikipedia kanta ko ta wane harshe. Kuma wani abu da ke ɓata wa mutane rai, ko kakanka ne ya ba ka labarin kafuwar garinku kuma gaskiya ne, in ba a taɓa wallafa shi a wani waje ba ba zai zauna ba. Wannan dokar tana cutar da mu fiye da Turawa, saboda tarihinmu da yawa a baki yake, ni ma ina ganin haka. Amma in aka buɗe ƙofar nan kowa zai zo da nasa kakan. Abin yi shi ne a nemi kundin digiri ko ɗan littafin da wani ɗan garin ya buga, sau da yawa akwai, nema ne ba a yi ba.

Abu na ƙarshe kan madogara, ka karanta ta kafin ka saka. Akwai masu liƙa linki kawai don muƙala ta yi kyan gani, ka buɗe ka ga labarin ba shi da alaƙa da jimlar. Wannan ya fi rashin madogarar muni don yaudara ce.

Mataki na biyar, ka rubuta da kalmominka. Kar ka kwafo labarin jarida ka zuba. Rubutun Wikipedia yana ƙarƙashin lasisin CC BY-SA, ma'ana kowa a duniya zai iya ɗauka ya yi amfani da shi muddin ya ambaci inda ya samo ya kuma saki abin da ya sarrafa daga ciki ƙarƙashin lasisi iri ɗaya, to ba ka da ikon ba da kyautar rubutun da ba naka ba. Ka karanta, ka rufe shafin, ka rubuta abin da ka fahimta, sannan ka koma ka duba shekaru da sunaye.

Fassara daga Wikipedia ta Turanci ko Faransanci ko Larabci halas ce, akwai ma manhajar fassara a ciki da ke ajiye maka asalin a gefe ɗaya naka a gefe ɗaya, ta kuma kwaso madogarai. Amma nan ne babbar ɓarnar take, wallahi. Mutum zai danna inji ya fassara masa sakin layi ashirin, ko karantawa bai yi ba ya wallafa ya wuce ta gaba, musamman lokacin gasa da ake ƙirga yawan muƙaloli ana ba da kyauta. Sai ka buɗe muƙalar mace ka ga an fara da "an haife ta", layi na biyu "ya yi karatu", layi na uku "sun auri". Inji bai san Rice sunan mutum ba ne wani lokacin, yana iya mayar maka da tsohuwar sakatariyar harkokin wajen Amurka shinkafa, ko ya mayar da ƙasar Turkiyya talotalo. Ko kuma kalmomin duk Hausa ne amma jimlar ba Bahaushen da zai faɗe ta, ka karanta sau uku ba ka san wa ya yi wa wa me ba. Kar ka ɗauka ƙaramin abu ne. A 2020 aka gano cewa dubban muƙalolin Wikipedia ta harshen Scots na ƙasar Sikotilan wani matashi ne Ba'amurke da bai iya harshen ba ya rubuta su, shekara da shekaru yana ɗaukar Turanci yana canza wa kalmomi kama, ba da mugun nufi ba ma, amma sai da masu harshen suka zo suka yi ta goge-goge da gyara. Kuma yanzu injinan fassarar kansu daga irin waɗannan shafukan suke koyon harshe, ka zuba musu gurɓatacciyar Hausa su dawo maka da ita.

Yadda za ka yi, ka ɗauki sakin layi ɗaya, ka karanta asalin har ka gane, ka goge na injin in ya cancanci gogewa, ka rubuta kamar kana yi wa ƙaninka bayani. Ka karanta da ƙarfi kunnenka ya ji. Jimlar da ba ka gane ba a asalin ka bar ta, ba dole sai ka fassara komai ba. Muƙala mai sakin layi huɗu da ake fahimta ta fi mai arba'in da ba a fahimta. In ba da manhajar ka yi ba da hannu ka fassara, ka rubuta a akwatin da ke tambayar me ka canza kafin wallafawa cewa daga muƙala kaza ta harshe kaza ka fassaro, haƙƙin waɗanda suka rubuta ne.

Mataki na shida, ƙa'idar rubutu. A chat kowa na rubuta yadda ya ga dama, a nan ba haka ba. Ka saka Hausa a kibod ɗin wayarka, Gboard yana da ita, don ka samu ɓ da ɗ da ƙ. Fada daban faɗa daban, in ka rubuta cewa sarki ya shiga faɗa alhali fada kake nufi ka ja magana. "Yana" da "suna" a haɗe, "za su" da "ba su" a rabe, "ne" da "ce" a rabe, "gidansa" a haɗe. Sunan mutum da gari da babban harafi. Maganar karin harshe kuwa a yi haƙuri da juna, daidaitacciyar Hausa ta fi kusa da Kananci kuma ita aka fi rubutu da ita, amma in ɗan Nijar ya rubuta ƴ inda kai kake rubuta 'y, ko ya kawo kalmar da a wajensu ita ce daidai, ba kuskure ba ne da za ka bi shi kana jan kunne. In kana ganin mai karatu zai ruɗe ka ambaci duka biyun sau ɗaya a farko. Linki na cikin gida kuma sau ɗaya ya isa, ka saka wa Katsina linki a inda ta fara fitowa, ba duk inda ta fito ba har shafi ya koma shuɗi.

Mataki na bakwai ɗan ƙarami ne amma shi ake tsallakewa. Kafin ka danna wallafa akwai akwatin da ke tambayar me ka canza. Ka cike shi. "Na gyara shekarar haihuwa daga 1921 zuwa 1920, ga madogara", ko "na cire sakin layin da aka maimaita". Ba "gyara" kawai ba, kowa ya san gyara ka yi. In ka cire rubutun wani ba ka faɗi dalili ba, wanda ke sintirin duba sababbin gyare-gyare zai ɗauka ɓarna ce ya mayar, kuma da gaskiyarsa. Kar ka saka alamar ƙaramin gyara sai in harafi ko aya ka taɓa. Ka duba samfoti kafin ka wallafa, ka kuma riƙa gyara sashe sashe maimakon shafi gaba ɗaya, saboda in netwok ya yanke ko wani ya riga ka wallafawa asarar ba za ta yi yawa ba.

Mataki na takwas, ranar da wani ya goge maka aiki. Za ta zo. Abu na farko kar ka mayar nan take. Ka buɗe tarihin shafi ka karanta dalilinsa, sau da yawa za ka ga rashin madogara ne ko kwafi. In ba ka gamsu ba ka tafi shafin tattaunawa na muƙalar ka buɗe sabon batu, ka ambaci sunansa don sanarwa ta je masa, ka rubuta kamar haka:

"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Na ga ka cire sakin layin da na ƙara kan Kasuwar Kurmi. Na samo shi ne daga littafi kaza shafi kaza, wanda ya danganta kafa ta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ko akwai wata matsala da ban lura ba? Na gode."

Ka rufe da alamar ~ guda huɗu, wato ~~~~, ita ke saka sunanka da lokaci, in da maɓallin amsa ka yi amfani shi da kansa yake sakawa. Ka lura saƙon bai ce "wa ya ba ka izini" ba, bai ce "kai waye" ba. Ka yi magana kan rubutun, kar ka taɓa mutumin, garinsu, aƙidarsa ko jam'iyyarsa. Ka ɗauka da kyakkyawar niyya ya yi har sai ya nuna maka akasin haka. Sannan ka jira, kwana biyu ko uku ba komai ba ne, kowa sa kai yake yi, wani ba shi da data wani ba wuta wani yana jarabawa. A Wikipedia ta Turanci akwai doka cewa wanda ya mayar da gyara fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 ana iya toshe shi, ko da shi ne mai gaskiya. Kai kar ka jira ka kai uku, daga na farko ka koma tattaunawa. In kun kasa daidaitawa ku kira na uku ko admin, wato editan da aka ba ikon goge shafi da toshe akawun. Abin da ba a yi shi ne ka tafi gurup ka tara abokai su zo su mara maka baya, ko ka buɗe wani akawun ka goyi bayan kanka, ana ganewa kuma duka ake rufewa. Kuma ko kun yi maganar a WhatsApp ku dawo ku rubuta matsayar a shafin tattaunawa, don wanda zai zo bayan shekara biyu ba ya cikin gurup ɗinku.

Inda rigima ta fi zafi shi ne sarauta, siyasa da addini. Ɗauki masarautar Kano, an sauke Muhammadu Sanusi II a Maris 2020 aka naɗa Aminu Ado Bayero, a Mayu 2024 gwamnatin jiha ta mayar da Sanusi, magana ta tafi kotu. Kowane ɓangare akwai mai son ya shigo ya rubuta "halastaccen sarki" a gaban sunan nasa. Aikinka ka jero abin da ya faru da kwanan wata, wa ya yi me, kowane ɓangare me ya ce, kowace jimla da madogararta. Haka in kana rubutu kan Izala ko Tijjaniyya ko Ƙadiriyya ko Shi'a, ka rubuta yadda mabiyin zai karanta ya ce e haka muke cewa, wanda ba mabiyi ba ya karanta ya ce ba a yi mini wa'azi ba. In ka san zuciyarka ba za ta bari ba, akwai muƙalolin garuruwa da abinci da tsirrai da cututtuka da ke jiran mai rubutawa, ka tafi can.

Mataki na tara, mutumin da ke raye. Nan ba wasa. A 2005 wani ya rubuta ƙarya a muƙalar ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler cewa an taɓa zarginsa da hannu a kisan shugaban Amurka John Kennedy da ɗan uwansa Robert, ƙaryar ta yi watanni a shafin kafin a gano, bayan nan ne aka tsaurara dokoki kan rayayyun mutane. Zargin sata, saki, rashin lafiya, jita-jitar mutuwa, in babu madogara mai ƙarfi ka cire nan take ko ba kai ka saka ba, wannan ba ya jiran tattaunawa. Kar ka rubuta muƙalar kanka, ko ta maigidanka ko malaminka ko ɗan takararku. In biyanka aka yi, ƙa'idojin amfani na Gidauniyar Wikimedia, mai ɗaukar nauyin Wikipedia, tun 2014 sun wajabta ka bayyana wanda ya biya ka. Kuma yawan mabiya a Instagram ba ya sa mutum ya cancanci muƙala, sai in jaridu masu zaman kansu sun yi rubutu mai zurfi a kansa.

Hoto a taƙaice, wanda ka ɗauka da wayarka ka ɗora a Wikimedia Commons, rumbun da Wikipedia ke ɗauko hotuna, ka rubuta mene ne, a ina, yaushe. Wanda ka sauke daga Google ko Facebook ka ce naka ne, gogewa za a yi.

Mataki na goma, ranar da kai ka zama tsohon hannu. Za ka ga sabo ya zuba muƙala babu madogara babu ƙugiya cike da kirari. In akwai abin ceto a ciki ka gyara maimakon ka saka alamar gogewa, ka je shafinsa ka yi sallama ka nuna masa abu ɗaya ko biyu, ba goma a lokaci guda ba, da linkin gyaran da ka yi don ya gani da idonsa. Akwai maɓallin godiya a tarihin shafi kusa da kowane gyara, ka riƙa dannawa in ka ga aiki mai kyau. In sunan muƙalarsa ne ba daidai ba kar ka kwafe rubutun ka buɗe sabon shafi, hakan yana yanke tarihin ya zama kamar kai ka rubuta komai. Ka yi amfani da maɓallin sauya wa shafi suna, tarihin zai bi shi, tsohon sunan kuma zai riƙa kai mai bincike sabon. In maɓallin bai fito maka ba saboda akawun ɗinka sabo ne, ko sunan da kake so akwai wani shafi a kansa, ka rubuta buƙatar a shafin tattaunawa ka ambaci admin ya yi.